Kawun da Ya Tsare Mana Teku

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma. Kawu ya riga mu. Ya cika ranar wata Laraba bayan la'asar, a gidan 'yarsa da ke unguwar Stapleton a birnin New York, matarsa Inna tana riƙe da hannunsa. Washegari muka kai shi makwancinsa a hayin New Jersey, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a falo.

Hajiya mai abinci, mutuniyar Kumasi, ita ta fara shigowa, da kula biyu na shinkafa da wake. Ta dire su a bakin ƙofa, ta zauna a ƙasa, ta ce, "To yanzu wa zai riƙa yi mini faɗa a kan leda?" Sai ta fashe da kuka. Baƙin da ba su san zancen ba suka kalli juna. Mu da muka sani, dariya ta kama mu da hawaye a ido.

Direba, mutumin Damagaram mai motar kai kaya, ya kasa shigowa. Ya tsaya a matakala da hularsa a hannu, ya ce da Faransancinsu na Nijar, "Bon. Shi ke nan." Ya sake cewa, "Bon."

Likita, Bakanon da ke aiki a wani asibiti a Bronx, ya zauna kusa da ni. Mutum ne da ba ya barin gardama ta wuce shi. Ya ce a hankali, "Ka san ban taɓa cin tsohon nan a musu ba? Ko sau ɗaya."

Liman kuwa cewa ya yi a duk masu zuwa masallacinsa, Kawu ne kaɗai wanda sai ya share kafet bayan tashinsa, saboda busasshiyar lakar da ke zubowa daga ƙafar wandonsa. Ya ce, "Na yafe masa lakar nan. Allah ya sa ta yi masa nauyi a mizani."

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Ban daɗe da iya rubutu ba, da girmana na shiga ajin manya, don haka a yi haƙuri da tafiyata. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne jikokinsa. Suna jin Hausa, amma da Turanci suke amsawa, kuma abin da suka sani game da kakansu shi ne tsoho ne da ya taɓa sayar da huluna da turare a titi na 125 a Harlem. Gaskiya ne ya sayar. Amma ba wannan ne aikinsa ba. Aikinsa ruwa ne.

Tun kafin a haife ni ya bar garinmu a arewacin Katsina, ya bi fataken goro zuwa yamma. Fataucin bai karɓe shi ba. Ya tsinci kansa a Gambiya, a fadamun shinkafa da ke bakin kogi, inda teku take turo ruwa sama sau biyu kowace rana, ta kuma janye shi sau biyu. A can aka ba shi aikin tsaron ƙofofin ruwa. Shi ke buɗewa idan ruwan daɗi ya hau, shi ke rufewa idan gishiri ya biyo baya. Ya yi shekaru yana wannan. Da ya zo New York bai sake ambatarsa ba, domin babu wanda ya tambaya. Wa zai tambayi mai tebur ɗin huluna labarin teku?

Abin da ya tono ilimin nan lambu ne.

Akwai wani fili a kwari, bayan rumbunan ajiye kaya, kusa da gaɓa. Wata ƙorama ta bi gefensa ta faɗa teku. Ofishin da ke kula da filin ya ba mu shi, mu mazauna unguwa, mu gwada noma. Muka yi murna ƙwarai. Wanda ya yi shekaru yana sayen busasshiyar kuɓewa a leda shi ya san abin da nake nufi. Muka shuka yakuwa, da kuɓewa, da alayyafo, da gauta, da barkono. Suka tsiro gwanin sha'awa. Bayan 'yan makonni sai bakin ganyen ya fara ƙonewa, ƙasa ta yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, komai ya kwanta. Wasu suka ce ƙasar Amurka ba ta karɓar irinmu. Likita ya ce taki ne bai isa ba. Hajiya ta ce baki ne.

A ƙarshen damina matar ofis ta zo, wata Baturiya mai furfura da takalman ruwa da fayil a hammata. Ta zagaya, ta girgiza kai. Ba ta da mugunta, amma ta faɗa mana gaskiya. Ta ce akwai masu neman filin su zuba tsakuwa su riƙa ajiye manyan motoci. Za a ba mu damina biyu. Idan bai yi ba, za a sa kwaɗo.

A lokacin gwiwoyin Kawu sun gaji, ya bar tebur ya koma wurin 'yarsa. An ce ya riƙa taka ƙafa, shi ya sa na kai shi lambun wata rana. Ban kai shi don ya gyara komai ba. Muna shiga ya saki hannuna, ya nufi wani tsohon lambatu da ya ratsa filin. Ya durƙusa da ƙyar, ya tsoma yatsa, ya kai baki, ya tofar.

Ya ce, "Yau nawa ga wata?"

Na fara faɗa masa na Turawa.

Ya ce, "Kai, watan Allah nake tambaya."

Na ce, "Ɗaya ga wata, Kawu."

Ya ce, "Tara mini mutanenka gobe da hantsi."

Muka taru. Ya kai mu ƙarshen lambatun, inda wani babban bututu ya bi ta ƙarƙashin hanya ya fita ƙorama. Ya jefa busasshen ganye a ruwan, ya ce mu kalla. Ganyen bai fita ba. Shigowa ya yi, ya wuce ƙafafunmu, ya nufi cikin gona.

Direba ya ce, "La ilaha illallahu. Ruwa yana tafiya da baya!"

Kawu ya ce, "Ba baya yake tafiya ba. Teku ce ta zo gaishe ku. Kullum sau biyu take zuwa, kuma in wata ya tsaya ko ya cika, da kayanta take zuwa. Shekara guda kuna shayar da yakuwa ruwan gishiri, kuna zagin ƙasar mutane."

Mu 'yan tudu ne. A wurinmu ruwa gangarawa yake yi, ya tafi, ba ya dawowa. Babu ɗayanmu da ya taɓa tunanin ruwa zai hau.

Da sanyi ya wuce muka fara aiki, bayan matar ofis ta amince. Kawu bai ɗaga shebur ba. Ya kifa bokiti ya zauna, da sandarsa, yana nuni. Muka yashe babban lambatun, wanda yake kira uwa. Muka haƙa ƙanana guda shida masu zubowa cikinsa, su ne 'ya'ya. Ƙasar da muka fitar muka ta da kunyoyi da ita har suka kai gwiwa. A gefen ƙorama muka yi jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa, muka daddanne ta da ƙafa. Idan mutum ya zurfafa haƙa sai ka ji sanda a kan shebur ɗinsa.

"Tsaya nan! Kabari kake haƙa? Ƙasa da nan baƙar laka ce mai wari. In ka fito da ita ta sha iska, sai ta yi tsami ta kashe abin da gishiri ya bari."

Sannan ya haɗa marfi. Ƙyauren wani tsohon kabad ne da aka yar a titi, da robar tayar mota da Direba ya kawo. Ya rataye shi a bakin bututun ta waje, ta yadda idan teku ta hau, ita da kanta za ta danne shi ya rufe, idan ta sauka kuma ruwan cikin gona ya tura shi ya buɗe. Ta ciki, inda 'ya'ya suke haɗuwa da uwa, ya sa katakai uku da ake zurawa a cire da hannu. A cikin ƙorama ya kafa wata sanda da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa. Shi ke nan kayan aikin. Likita ya dube su ya ce, "Baba, wannan ƙyauren kabad ɗin ne zai tare Atlantika?"

Kawu ya ce, "Ba tare ta zai yi ba. Ce mata zai yi masu gidan ba sa nan."

Ruwan sama na farko da ya sauka, Kawu ya sa muka zura katakai ya kwanta a gonar, sannan muka cire ya fita da gishiri. Muka yi haka sau da yawa. Kowane karo sai ya tsoma yatsa ya ɗanɗana, ya tofar, ya ciro goro daga aljihu ya gatsa don ya kashe ɗanɗanon. Ranar da ya ɗanɗana bai nemi goro ba, ya ce, "Ku shuka."

Daga nan lambun ya zama ofishinsa. Bayan sallar asuba sai ya hau bas, ya sauka, ya ɗauko manjagara a rumfa. Yana bin uwa daga kai har ƙafa, yana tsamo ciyawa da gwangwani. Yana bin jinga yana caka sanda, yana neman ramin ƙaguwa, domin ya ce ramin da yatsa zai shiga yau, gobe kai zai shiga. Abin da ya fi tsana a duniya leda ce. Leda ɗaya in ta maƙale a leɓen marfi, ba zai rufe ba. Hajiya kuwa kullum da leda take kawo mana ƙosai, kuma kullum sai iska ta ɗauke ɗaya.

"Hajiya! Ga 'yarki can tana iyo!"

"Baba, ba tawa ba ne, wallahi. Nawa baƙi ne."

"Baƙar ce nake nufi. Je ki tsamo ta kafin ta yi aure a bakin marfi."

Tana tafiya tana mita, tana cewa da Hausarta ta Gana tsohon nan ya cika fitina paa, shi kuma yana cin ƙosanta.

Da Likita kuwa kullum musu. Likita ya sa wani abu a wayarsa mai faɗin lokacin hawan teku da saukarta. Sai ya ɗaga wayar ya ce, "Baba, ta ce ƙarfe tara za ta juya."

Kawu ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama. "Wayarka ta san iska?"

"Ta san komai."

"To ka tambaye ta wa zai ba teku hanya ta koma, ga iskar gabas ta tokare mata ƙofa."

Ƙarfe tara ta yi, ruwa yana nan. Tara da rabi, yana nan. Likita ya mayar da waya aljihu. Kawu ya miƙa masa ɓarin goro, ya ce, "Ci, Likitan waya. Ba laifinta ba ne, a ɗaki aka haife ta."

Yanzu zan faɗi nawa laifin, domin in na ɓoye shi ban faɗi ko wane ne Kawu ba.

A tsakiyar daminar nan ta biyu ruwan sama ya ɗauke, zafi ya yi tsanani. Famfon da muke ja da tiyo ba ya isa. Kawu ya kwanta da zazzaɓi kwana uku. Na je lambu da yamma na tarar da kuɓewa ta sunkuyar da kai, lambatu ya bushe har ya tsage. Na leƙa bayan jinga, sai ga ƙorama cike fal, ruwa garai-garai yana ƙyalli. Ni a garinmu na ga an yi sallar roƙon ruwa. Na ga mahaifiyata ta tare ruwan indararo da kowane kwano da ke gidan. A jinina, ruwa ya zo ƙofarka ka hana shi shiga, butulci ne. Na ce a raina, ɗan kaɗan dai, ya jiƙa musu ƙafa. Na ɗaga marfin na tokare shi da bulo, na cire katakai. Ban ɗanɗana ba.

Cikin mako guda rabin lambun ya ƙone.

Ranar da Kawu ya dawo, ya tsaya a bakin bututu ya ga bulon, wanda na manta ban jefar ba. Ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Ni ne, Kawu."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Harshenka yana ina? Ka bar shi a gida? Allah ya ba ka ma'auni a baki kyauta, ka ƙi amfani da shi! Ba duk abin da ya jiƙa ba ne ruwa!" Ya jefar da sandarsa, ya tafi tashar bas shi kaɗai yana ɗingishi. Kwana tara bai yi mini magana ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa bango.

Amma da matar ofis ta zo a ƙarshen damina, ta ga rabi kore rabi ƙone, ta tambaya me ya faru, kafin kowa ya buɗe baki Kawu ya sa 'yarsa ta fassara. Ya ce laifinsa ne. Ya ce ya gina ƙofa bai gina mai tsaronta ba. Ya ce ta dubi rabin da ya rayu, shi ne shaidarsa. Matar ta daɗe tana kallon yakuwar. Ta ce damina ɗaya ta rage, kuma wannan karon ba rabi take son gani ba.

Da ta tafi ya kira ni. Ya zaro wata takarda daga aljihu, jadawalin hawan teku da ake rabawa a shagon masu kamun kifi. Ya ce, "An ce kana zuwa makaranta. Idona ya mutu. Karanta mini na gobe."

A lokacin da ƙyar nake haɗa baƙaƙe. Na ɗora yatsa, ina tafiya kamar mai tsallake kogi a kan duwatsu. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Haka ne." Daga ranar, kullum sai na karanta masa. Sai daga baya na lura cewa duk ranar da na yi kuskure, kafin in gyara yake cewa, "Sake dubawa." Ashe ya san amsar tun daga kallon wata. Bai taɓa buƙatar takardar ba. Ni ne nake buƙatarta, kuma ya san in ya ce zai koya mini, kunya za ta hana ni zuwa.

Haka ya koya mini sauran. Yadda ake karanta tsagar sanda. Yadda ake gane iskar da ke riƙe ruwa. Yadda marfi yake wani ƙara, ɓut, ɓut, idan teku ta sake shi. Shi tari yake kiransa. Yakan ce, "In marfi bai yi tari ba, ko liman ne ya ce ka buɗe, kada ka buɗe."

Damina ta uku ta zo da albarka. Kuɓewa ta fi ni tsawo. Yakuwa ta yi jajir. Gauta har muna kai wa mutanen unguwar Highbridge. Saura mako biyu matar ofis ta zo, Kawu ya kwanta, bai tashi ba.

Ranar Asabar aka sa sadakar uku, da hantsi. Tun asuba ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, iska tana dukan taga. Falo ya cika, Liman ya gyara zama zai fara addu'a. Idona ya faɗa kan kalandar masallaci da ke bango. Sha biyar ga wata. Na dubi taga, na ga inda ruwan yake karkata. Iskar gabas ce. Sai na tuna tun da Kawu ya kwanta babu wanda ya duba marfi. Muna jinya, muna maƙabarta, muna karɓar gaisuwa.

Ni ne namiji mafi kusa da shi a ƙasar nan. Ni ake miƙa wa hannu. Tashina daga tabarmar nan a wannan lokaci abin magana ne har gida. Na zauna, zuciyata tana bakin bututu. Na kasa. Na miƙe na je ƙofar ɗakin da Inna take takaba, na durƙusa.

Na ce, "Inna, yau sha biyar ga wata."

Ba ta tambaye ni me nake nufi ba. Shekara nawa tana wanke wandunan nan nasa masu laka. Ta ɗaga murya yadda duk falo zai ji, ta ce, "To me kuke jira? Da shi ne, da tuni ya bar ku da addu'arku ya kama bas. Ku tashi!"

Liman ya rufe littafinsa, ya ce, "Addu'a ba ta tsoron ruwa. Mu je."

Muka cika motar Direba da ta Likita, manya-manyan mutane cikin fararen kaya. Hajiya ta shigo gaba ba wanda ya gayyace ta. Muna isa na ruga bakin bututu. Abin da na ji tsoro shi ne. Marfi a buɗe da faɗin tafin hannu, ruwan ƙorama yana kwararowa cikin uwa. Na tsoma yatsa. Gishiri zalla.

Na ce wa Likita da Direba su zura katakai uku nan take, kada ya kai ga 'ya'ya. Ni kuma na tuɓe babbar riga na tsallaka jinga na shiga ƙorama har ƙirji. Na laluba leɓen marfin da hannu. Wata gorar roba ce ta maƙale, leda ta nannaɗe ta. Na ja, ta ƙi. Na sa ƙafa na tokare bututun na fizga. Ta fito, marfi ya buga gam, har na ji a haƙorina.

Na ɗaga ledar sama. Baƙa ce. Hajiya ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo Baba, ka yafe mini!"

Muka bi jinga. Wuri biyu ƙaguwa ta huda, ruwa yana tsartuwa. Muka cika buhuna da laka muka danne. Liman da kansa ya ɗauki buhu, rawaninsa yana ɗiga.

Sai babbar jarrabawar ta zo. Mun rufe teku a waje, amma mun rufe ruwan sama a ciki. Katakai a zure, marfi a danne, sama kuma ba ta fasa ba. Ruwa ya cika 'ya'ya, ya fara hawa kunyoyi. Ya kai rabi. Ya wuce rabi. Barkonon da ke kwari ya fara nutsewa.

Direba ya ɗauko shebur ya hau jinga. Ya ce, "A fasa nan ya fita! Gonar za ta nutse muna kallo!"

Na ce, "In ka fasa, ba fita zai yi ba. Shigowa zai yi. Dubi sanda."

Likita ya zaro waya a cikin leda, ya ce, "Ta ce ta juya tun minti ashirin da suka wuce. Wallahi ta juya. A fasa kawai."

Mutane suka ɗauka, a fasa, a fasa. Ban iya musu ba, ban taɓa iyawa ba. Na je na zauna a daidai inda Direba ya kafa shebur. Na ce, "Marfi bai yi tari ba."

Direba ya ce, "Kai fa ka taɓa kashe mana rabin gona!"

Na ce, "Ni ne. Shi ya sa."

Likita ya dubi wayarsa, ya dubi sandar da ke cikin ƙorama, wadda tsagarta ta sama ko alamarta ba a gani. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga sama, duk da cewa jiƙe yake. Sannan ya mayar da wayar aljihu ya zo ya zauna kusa da ni a cikin laka. Ya ce, "A ɗaki aka haife ta."

Liman ya ce tun da zama ya kama, a yi abin da ya tara mu. A kan jingar nan aka yi wa Kawu addu'ar uku, ruwa yana dukanmu, tafukanmu suna cika kafin mu shafa. Ina cewa amin, idona yana kan sanda. Tsaga ta farko ta fito. Ruwan gona ya kai wuyan kunya. Tsaga ta biyu ta fito. Liman ya ja addu'ar, ina jin da gangan ya ja ta.

Sai muka ji shi. Ɓut. Shiru. Ɓut, ɓut.

Hajiya ta yi guɗa a wurin makoki, ba wanda ya hana ta. Marfi ya ɗaga, ruwan gishirin da ke cikin uwa ya fara fita. Na hana a taɓa katakai sai da ya ragu. Sannan na cire na sama. Na jira. Na cire na biyu. Ruwan sama ya biyo baya da ƙarfi ya wanke uwa tas. Da na cire na uku, na bi 'ya'ya shida ɗaya bayan ɗaya ina ɗanɗanawa. Duk ruwan daɗi. Direba ya rungume ni da lakarsa, yana cewa, "Bon, bon, bon," yana kuka.

Kunya biyu ta barkono muka rasa. Sauran duka suka tashi.

Matar ofis ta zo a ranarta. Ta shiga tsakanin kuɓewa har muka daina ganin hularta. Da ta fito ta tambayi ina tsohon yake. Muka faɗa mata. Ta cire hularta, ta je ta tsaya a gaban ƙyauren kabad ɗin nan ta daɗe. Sannan ta buɗe fayil ta sa hannu. Filin ya zama lambu, ba gwaji ba. Aka miƙo mini takardar, na karanta wa jama'a da kaina, a hankali, ba wanda ya katse ni.

Ranar sadakar arba'in ba mu sayi ganye ko ɗaya ba. Hajiya ta yi miyar yakuwa da ɗanyar kuɓewa a manyan tukwane, duk daga kunyoyin Kawu. Aka kai wa Inna nata a ɗaki. Jim kaɗan sai muka ji muryarta.

"Hajiya! Miyar nan ba gishiri!"

Hajiya ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu, ta ce, "Inna, mijinki ya hana shi shigowa. Sai dai a saya a shago."

Falo ya ɗauki dariya, har da Inna a cikin ɗaki, karo na farko tun ranar Laraban nan.

Yanzu manjagara tana hannuna. Bayan asuba nakan hau bas ɗin da yake hawa, da goro a aljihu. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Ya tsare mana ruwa mai ɗaci, Allah ya shayar da shi mai daɗi. Amin.